Sauron da ke Hannun Mai Kunne

Shekara uku cur Mai Kunne ya yi yana farautar lamba ɗaya, casa'in da huɗu. Ranar wata Litinin ya kama ta, kuma a ranar ce kyanwar gidansa ta tattara nata ya nata ta koma gidan maƙwabta.

Injiniya ne a wani kamfani mai ƙera agogon hannu irin na zamani, wanda ke ƙirga takun mutum da bugun zuciyarsa. Shi ba ruwansa da fuskar agogon ko maɗaurinsa. Aikinsa yana can ciki, a wata kusurwa ta cip ɗin da ke tafiyar da agogon, wurin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Batir yana ba da wuta kusan bolt huɗu, cip kuwa bolt ɗaya yake so, in aka ɗura masa huɗun sai ya ƙone. To aikin Mai Kunne shi ne zana 'yar hanyar da ke rage wutar, wadda a ofis suke kira 'yar rage-wuta. Ɗiba take yi kaɗan-kaɗan daga batir tana miƙa wa cip, kamar mai ɗibar ruwa da cokali daga randa, sai dai ita takan ɗiba sau miliyan biyu a daƙiƙa guda. A kowace ɗiba kuwa sai wani abu ya zube, ya zama zafi, ya tafi a banza. Wannan zubewar ita ce abokiyar gabarsa, har abinci takan hana shi ci.

Dabarar da ya ɓullo da ita mai sauƙin faɗa ce. Idan agogo na zaune ba ya aikin komai, me zai sa 'yar rage-wuta ta yi ta wahalar da kanta? Sai ya koya mata gyangyaɗi: ta ɗiba, ta ɗan runtsa, ta farka ta sake ɗiba, sau dubu goma sha biyar kacal a daƙiƙa. Da wannan, cikin kashi ɗari na wutar batir, casa'in da huɗu suna isa inda aka aike su. Caji ɗaya, kwana goma. Ranar Alhamis da ƙarfe goma za a sa hannu a tura zanen masana'anta, a buga cip dubu ɗari biyar, kuma daga nan bakin alƙalami ya bushe, babu sauran gyara.

Sunan Mai Kunne kuwa ba a banza ya same shi ba. Tun yana saurayi, in ya shiga ɗakin gwaji sai ya tsaya, ya karkata kai, ya ce taransfoma ta uku daga hagu tana kuka, a buɗe a tarar haka ne. Shekara talatin ke nan ana ba da wannan labari, kuma yawanci shi ne mai bayarwa. Saboda haka kamfanin bai taɓa sayen na'urar auna ƙara don sashensu ba. A takardar binciken ƙarshe ma akwai layi guda da aka rubuta "Ƙara", a gabansa kuma an buga "kunnen Mai Kunne". Yakan kara abin a kunne, ya lumshe ido, ya rubuta babu, shi ke nan an gama. Abin da babu wanda ya tsaya ya lissafa shi ne, kunnen nan yanzu shekararsa hamsin da shida.

Ranar Litinin ɗin ya ɗaura samfurin agogon a hannu ya tafi da shi gida, yana tafe yana murza gashin baki. Yana sa ƙafa a falo kyanwar ta miƙe, gashinta ya tashi, ta dube shi kamar ta ga abin tsoro, ta bi ta taga. Matarsa, malamar makaranta ce, shi ma Malama yake ce mata, ta fito daga kicin da faranti, ta tsaya cak tana waige-waige. Ta ce sauro ya shigo. Ya ce babu wani sauro. Ta ajiye farantin ta ɗauko mafici, ta bi labule ta kakkaɓe, ta leƙa bayan kujera, ta dawo tana zagaya shi a hankali kamar mai neman allura. Kafin ya ankara ta ɗirka masa mafici a tsintsiyar hannu.

"Binka yake yi, Malam," in ji ta. "Duk inda ka matsa sai ya matsa."

"Ni da nake jin kukan taransfoma ta bayan bango, sauro ne zai wuce ni?"

Ta fesa maganin sauro gwangwani guda har suka ci abinci suna tari. Sauro kuwa ko gezau.

Washegari a hanyarsa ta zuwa tashar bas, karen mai faci, wanda shekara biyar yana kwance a inuwar tsohuwar taya ba a taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga kai sama ya saki wani kuka mai ban tausayi, ya raka shi da shi har kwana. A cikin bas wata jaririya ta tsala ihu, ba ta yi shiru ba sai da ya sauka. Duk wannan bai sa Mai Kunne ya tambayi kansa komai ba. Kai, mutum in yana cikin farin ciki ko gini ne ya faɗo a bayansa sai ya ce tafi ake yi masa.

A ofis abin ya fi ban mamaki. Matasan injiniyoyi goma sha ɗaya ne a sashen, masu surutu kamar kasuwa. Yana shiga sai aka yi tsit. Ɗaya ya tuna yana da aiki a bene na sama. Biyu suka tafi shan ruwa ba su dawo ba. Wata da ake kira Mai Gilashi, wadda ita ce ta yi awon samfurin, ta cusa abin sauraro a kunne alhali wayarsa ba ta jone da komai. Ya matsa kusa da teburinta don ya yaba mata, ta miƙe tsaye ta ja da baya har ta jingina da bango, idonta na ƙwalla. Daɗi ya kama Mai Kunne. Ya wuce ofishin Manaja ya shaida masa cewa yaran zamani sun fara koyon ladabi, kuma casa'in da huɗu ta ƙara masa kwarjini, har wata ta yi hawaye da ya gaishe ta.

Manaja mutum ne mai tumbi da furfura, ya girme shi da shekara biyu. Na ukunsu a sa hannu shi ne shugaban ɗakin gwaji, wanda ake kira Tsohon Awo, shi kuwa sai an maimaita masa gaisuwa. Su ukun suka ajiye agogon a tebur suka kewaye shi suna sha'awa. Manaja ya ce ya riga ya sanar da manya, an ma fara zana talla da casa'in da huɗu ɓaro-ɓaro. Mai Kunne ya buɗe rahoton Mai Gilashi yana karanta musu wuraren da suka yi masa daɗi. A shafi na arba'in da ɗaya ta rubuta cewa akwai yiwuwar wasu masu amfani da agogon su san yana kusa da su ko da idonsu a rufe yake. Ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta madalla a gefe.

Ranar Laraba da yamma asiri ya tonu. Kwana biyu Malama na fama da ciwon kai, ta juya katifu, ta wanke labulaye, ta yi faɗa da maƙwabciya a kan ruwan da ke kwance a lambatu. Mai Kunne ya dawo daga aiki, ya cire agogon don ya wanke hannu, ya manta shi a bakin famfo ya fito falo. Malama ta dube shi, ta saurara, ta miƙe ta nufi banɗaki. Ta dawo riƙe da agogon da yatsa biyu, nesa da jikinta.

"Malam, ga sauron. Har maɗauri gare shi."

Ya yi dariya har da buga cinya. Da ya ga ba ta yi ba, sai ransa ya ɓaci. Ya ce mata agogon nan babu abin da ke motsi a cikinsa, ba shi da lasifika, ba shi da ƙararrawa, kuma shi da kansa ya saurare shi. Ta ce ita ba ta san lasifika ba, ta dai san abin da ke huda mata ƙwaƙwalwa tun Litinin. Ya ce to a gwada, tunda shi mutumin awo ne ba na gardama ba. Ya ɗauko takarda ya ja layuka, ya sa ta ɗaure ido da ɗankwali, ya zagaya ta sau uku yana leƙen ƙasan ɗaurin.

Ya ɓoye agogon a ƙarƙashin matashin kujera, ta miƙa hannu ta zaro shi. Ya jefa shi cikin takalminsa, ta nuna takalmin da ƙafa. Ya sa shi a tukunya ya rufe da murfi, ta ce tukunyar miya ce ba ta shinkafa ba, kuma ya wanke mata ita. Ya ce leƙe take yi, ya ƙara mata tawul a kan ɗankwalin. Ya hau kujera ya ɗora agogon a kan fanka, ta ɗaga yatsa sama. Ya saɗaɗa ya sa shi a firiji. A nan ta ɗan jima tana dafa bango, har Mai Kunne ya fara rubuta nasara a takardarsa, sai ya ji an buɗe firiji. Sau goma sha tara, sau goma sha tara tana samu. A na ashirin ya yi ha'inci, wallahi ya yi: ya zare batirin a ɓoye, ya riƙe agogon a bayansa ya ce ta nemo. Malama ta tsaya tsakiyar falo, kafaɗunta suka sauka, ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. Ta ce duk abin da ya yi yanzu, don Allah ya bar shi a haka, rabonta da jin gidanta shiru tun ranar Lahadi.

Mai Kunne ya dubi takardarsa. Ya so ya ce awon bai cika ƙa'ida ba, amma shi ya tsara shi. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce gobe zai duba, kuma bai ci abincin kirki ba.

Ranar Alhamis tun ƙarfe bakwai yana ɗakin gwaji. Ya aro makirufo daga sashen masu lasifika, ya ce musu wani ɗan abu zai gwada, ya jona da kwamfuta, ya kwantar da agogon a gabansa. In ka ƙi ji ai ba ka ƙi gani ba. A kan allo wani dogon tsini ya miƙe tsaye kyam, daidai kan dubu goma sha biyar. Ya zare batir, tsinin ya faɗi. Ya mayar, ya tashi. Nan take ya gane komai, don ba ilmi ne ya gaza masa ba. Kusa da cip akwai wata 'yar ma'ajiyar wuta, ƙarama kamar ƙwayar gishiri, wadda takan ɗan girgiza duk sanda aka ɗiba. Sau miliyan biyu a daƙiƙa babu kunnen da zai bi ta. Amma da ya koya wa 'yar rage-wuta gyangyaɗi, sai girgizar ta sauko inda kyanwa da kare da jarirai da duk wanda bai tsufa ba za su ji. Ya kara agogon a kunnen dama, ya mayar na hagu, ya danna har ya yi masa shaida a kunci. Bai ji komai ba sai bugun jininsa.

Maganin a fili yake: a hana ta dogon barci, kada ta sauko ƙasa da sau dubu talatin, inda kunnen mutum ba ya kaiwa. Ya lissafa, ya sake lissafawa, ya canza biro ya kuma lissafawa. Casa'in da ɗaya. Kwana tara maimakon goma, da jinkirin mako guda.

A nan fa zuciya ta fara yi masa huɗuba. Masu sa hannu uku ne, kuma a cikinsu babu mai ji. Layin ƙara nasa ne shi kaɗai. In ya rubuta babu, ƙarya ma bai yi ba, tunda a kunnensa babu ɗin ne. Ya zauna da agogon a tafin hannu, tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ba lambar kaɗai yake jin asararta ba. Wa zai zama a ofishin nan in aka ce Mai Kunne ba ya ji?

Mai Gilashi ce ta fara isowa. Tana buɗe ƙofa ta yamutsa fuska, ta yi maza ta gyara. Ya kira ta, ta zo ta tsaya daga nesa.

"'Yata, ki faɗa mini gaskiya. Kina ji?"

Ta dubi takalminta. "Ranka ya daɗe, tun Litinin haƙorana ke tsami."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na rubuta a shafi na arba'in da ɗaya. Ka sa masa madalla."

Ta ƙara da cewa su goma sha ɗayan sun yi taro a kan matakala har sau biyu don a zaɓi mai gaya masa, aka jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa ya ɗauki hutun rashin lafiya. Wasunsu ma sun ɗauka gwada su yake yi, don ba su yarda akwai ƙarar da za ta wuce shi ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi sukarsa.

Ƙarfe goma aka hallara. Manaja ya zo da sabon biro. Tsohon Awo ya karanto layukan takarda ɗaya bayan ɗaya, ana cewa lafiya, har aka zo kan ƙara. Manaja ya tura agogon gaban Mai Kunne yana murmushi, shi ma ya ɗan karkato ya saurara, ya ce shiru kake ji. Mai Kunne bai ɗauka ba. Ya tashi ya buɗe ƙofa ya kira matasan duka. Suka shigo suka jeru a jikin bango mafi nisa, kamar masu jiran allura. Ya ce duk mai jin wani abu ya ɗaga hannu. Hannu takwas suka tashi. Sauran biyun ba su ji tambayar ba, don sun toshe kunnuwa da yatsu.

Ya nuna hoton tsinin a allo, ya yi bayani a taƙaice, ya ce casa'in da ɗaya ne zai sa wa hannu, ba huɗu ba. Manaja ya shiga ciniki. Ya ce a bar masa a casa'in da uku. Mai Kunne ya ce ba tumatir ba ne. Manaja ya ce to da biyu da rabi, saboda zumunci. Da ya ga ba ci, sai ya kawo shawarar a rubuta a kwali cewa agogon na dattawa ne, daga shekara hamsin zuwa sama. Tsohon Awo, wanda sai yanzu ya fahimci zancen, ya ce ai wannan garaɓasa ce, a tallata shi a matsayin agogo mai korar karnuka, masu yawon motsa jiki za su yi rububinsa. Mai Gilashi ta ce a hankali, karen gidansu dai ba gudu ya yi ba, biyo ta ya yi yana cizon jakarta. Aka bar wannan shawara.

Manaja ya share gumi. Ya ce shi fa abu ɗaya ya sani, shekara talatin kamfanin nan da kunne ɗaya yake aiki, kuma takarda ba ta ce kunnen yara ba. Ya juyo ya dubi Mai Kunne ido cikin ido.

"Kai da kanka, kana jin ƙarar nan ko ba ka ji?"

Ɗakin ya yi tsit, in ban da abin da matasan ke ji. Mai Kunne ya dubi agogon. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da shekara ukunsa.

"Ba na ji," in ji shi. "Kuma tana nan. Kunnen ne ya tafi."

Ya karɓi sabon biron Manaja, ya soke sunansa daga layin ƙara, ya rubuta makirufo a gurbinsa. Babu wanda ya yi dariya. Mai Gilashi ta matso, duk da azabar da ke cikin kunnenta, ta tsaya kusa da shi ta tambaye shi ta ina za su fara gyaran.

Bayan mako guda ya dawo gida da sabon samfur, rana ta kusa faɗuwa. Ya tarar da Malama a baranda tana duba littattafan 'yan ajinta. Ya zauna a kujerar gefenta ya miƙa mata agogon. Ta kara a kunne, ta juya shi, ta sake karawa. Ta ce shiru. Ya karɓa ya kara a nasa. Daidai yake da na makon jiya, babu bambanci ko na ƙwayar zarra, sai dai ya yarda da maganarta.

Abin ya tsaya masa a rai, sai ya nemi abin da zai faɗa don ya ɗan farfaɗo da girmansa. Ya miƙe ƙafa ya ce shi dama mutum ne mai son shiru. Ya ce unguwar nan ma ta yi daɗin zama tunda gyare ya yi ƙaura, shekara uku ko huɗu ke nan rabon da a ji kukansa da yamma, ƙila feshin magani ne ya kore shi.

Malama ta ajiye jan bironta. Ta dube shi ta daɗe, kuma ya ga ba dariya ce ke zuwa ba.

"Malam, babu inda ya je. Yanzu haka akwai ɗaya a gindin tukunyar furen nan, tun ɗazu yake yi."

Ya dubi tukunyar furen. Taku biyu ne tsakaninsu. Ya dubi katanga, ya dubi ciyawar bakin lambatu, ya tambaye ta ko can ma akwai. Ta ce ko'ina, kamar kullum. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, irin wanda casa'in da huɗu ma ba ta sa masa ba.

Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, ya ma manta yadda kukan yake.

Malama ta waiga ta tabbatar babu maƙwabcin da ke leƙe. Sa'an nan matar nan mai shekara arba'in da ɗaya, wadda 'yan aji uku ke tsoron ko tarinta, ta matso da kujera, ta kai baki kusa da kunnensa, ta tsuke leɓe ta shiga yi masa kukan gyare da murya mai kauri yadda zai ji. Ko kusa bai yi kama ba, ya fi kama da tsohon keke. Ya ce ta ƙara, ta ƙara.